Kwangilar gwamnati ba ta titi da gada ce kaɗai ba: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru a kan maganar kwangila sun yi yawa har na ga gara in ware mata mako guda sukutum, wasu tambayoyin iri ɗaya ne sai na haɗe su, wasu kuma na rage musu tsawo saboda wuri. Sunaye na cire kamar yadda muka saba, tunda wasu saƙonnin akwai maganar bashi a ciki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni sana'ar kayan gini nake a Ƙofar Ruwa nan Kano, rodi da siminti da kwano, kuma kullum ƴan kwangila ke zuwa su ɗauki kaya a wajena, wasu ma bashi, su kai wa gwamnati su ci riba mai kauri. Shine nake so nima in fara nema da kaina. Waɗanne takardu ake buƙata? Kuma wai da gaske ne in baka da kowa a sama kar ma ka ɓata kuɗin motarka?

AMSA: Alhaji, bari in fara da ta ƙarshen don na san ita ta fi tsaya maka a rai. Ba zan yi maka ƙarya ba, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, kuma a harkar kwangila an fi ganin haka fiye da ko'ina. Amma abin da mutanenmu ba sa lura da shi shi ne, ko shi mai uwar sai ya kawo takardu kafin a buɗe masa fayil, kuma ayyuka da yawa ana tallata su a jarida, a buɗe ambulan a gaban kowa, ka duba zauren ka ga ƴan Arewa ba su taka kara sun karya ba, ba don an kore su ba sai don ba su shiga ba tun farko. Wannan yana ɓata min rai sosai, aiki a garinmu, kaya daga kasuwarmu, amma takardar a hannun wani take.

Dokar da ake bi a matakin tarayya ita ce dokar sayayya da ba da kwangila ta 2007, wadda aka sa wa hannu farkon mulkin marigayi Umaru Musa Ƴar'adua, ita ta kafa hukumar BPP da ke sa ido a kan yadda ma'aikatu ke ba da aiki. In ka ɗauki kowace talla ta ma'aikatar tarayya za ka ga kusan abu ɗaya suke jerowa. Farko rajistar kamfani a CAC, kuma shawarata ka yi cikakken kamfani mai Limited, kar ka tsaya a rajistar sunan kasuwanci kawai, tun da dokar kamfanoni ta 2020 ma ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani ba sai ya je ya ari sunan ƙaninsa ba. Sai takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku daga hukumar haraji ta tarayya, wadda muka sani da FIRS kafin a sauya mata suna zuwa NRS, da lissafin kuɗin kamfani na shekara uku wanda odita mai lasisi ya duba ya buga hatimi. Sai takardar PenCom ta fansho, da ta ITF wato asusun horar da ma'aikata, da ta NSITF mai kula da diyyar ma'aikaci in ya ji rauni a bakin aiki. In ka haɗa waɗannan ne za ka shiga rumbun ƴan kwangila na BPP ta intanet su ba ka takardar da ake kira IRR. Bayan nan akwai takardar rantsuwa daga kotu cewa babu wani jami'in ma'aikatar da ke da hannu a kamfaninka, da wasiƙar banki cewa za ka iya ɗaukar nauyin aikin, da shaidar ayyuka irin wannan da ka taɓa yi.

Wani abu da ke kayar da mutane, yawancin takardun nan ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, ko da a watan Oktoba ka karɓa. To mai hankali tun Janairu yake fara sabuntawa, don lokacin da talla za ta fito ba za a jira ka ba, kuma takarda ɗaya in ta mutu an cire ka tun kafin a kalli farashinka. Kar kuma ka yarda da masu cewa kawo dubu kaza gobe in kawo maka takardar haraji, ana tantance su yanzu ta kwamfuta, in aka kama ta bogi ce ba aikin kaɗai ka rasa ba, laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.

Jiha kuma daban take da tarayya, kowacce da dokarta da ofishinta. Kaduna na da KADPPA tun 2016, Kano ta yi tata dokar a 2021, Jigawa an daɗe da sanin ofishinta na bin ƙa'idar kwangila, a can za ka yi rajista a ba ka aji gwargwadon girman aikin da za ka iya nema. Kai da kake Kano kuma kayan gini ne hannunka, ni da a ce ni ne, saflai zan fara nema ba gini ba. Ka san farashin rodi fiye da duk wanda zai yi takara da kai, ka san mai kyau ka san wanda aka rage wa kauri, wannan ilimin shi ne jarinka na gaske. Gini kuwa sai ka nuna kana da injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN ko magini mai ta hukumar magina CORBON a cikin ma'aikatanka, kuma ya zama da gaske yana zuwa wajen aikin, ba satifiket ɗinsa kawai aka ara ba. Maganar shaidar ayyukan baya kuwa, waɗancan ƴan kwangilar da ke ɗaukar kaya a wajenka, daga yau ka riƙa sa su rubuto maka oda da sunan kamfaninka, kuɗin ya shiga asusun kamfani ba naka na kanka ba, ka adana rasit da takardar karɓar kaya. Cikin shekara ɗaya ka tara abin nunawa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, ni mace ce ina da shagon ɗinki a Zariya da keke takwas da yara masu koyo. Duk sanda aka ce kwangila sai in ga kamar harkar maza ce masu katafila da tifa. Don Allah akwai abin da irinmu za mu samu?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai, kuma naki ɓangaren ma doka ta ambace shi da suna. A watan Mayun 2017 lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo ke riƙon ƙwarya ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin da ma'aikatun tarayya ke kashewa a wasu kayayyaki dole ya tafi ga abin da aka yi a gida. Kayan da aka lissafa su ne yunifom da takalma, abinci da abin sha, kujeru da tebura da sauran kayan ofis na katako, kayan rubutu, motoci, magunguna, kayan gini, da harkar kwamfuta da sadarwa. Kin ga yunifom shi ne ma na farko. A Mayun 2025 kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta sake amincewa da manufar fifita kayan Najeriya a duk sayayyar gwamnati. Ko ana bin wannan yadda ya kamata wata magana ce, amma dai hujja ce a hannunki in kin shiga ofis.

Ki zauna ki lissafa masu sa yunifom a kewayenki kaɗai. Asibitin koyarwa da ke Shika, masu shara da masu gadi na manyan makarantun Zariya, makarantun kwana na jiha, ɗaliban koyon aikin jinya, zanin gado da labule da rigar tiyata na asibitoci, jaka da yunifom na alhazai da hukumomin jin daɗin alhazai ke rabawa duk shekara. Duk wannan wani ne yake ɗinkawa, sau da yawa ma wanda ya karɓi aikin bai taɓa taka keke ba, shi ne zai zo ya same ku a shago ya ba ku kuɗin ɗinki na wulaƙanci ya tafi da ribar.

Gwamnati fa ita ce babbar mai saye a ƙasar nan kuma ba abin da ba ta saye. Mai aikin kafinta akwai benci da teburan makarantun firamare ta hannun hukumar ilimin firamare ta jiha wato SUBEB, kuɗin uwar hukumar ta tarayya UBEC ne wanda dokar 2004 ta ware masa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa. Mai hatsi a Dawanau akwai ciyar da makarantun kwana da asibitoci da gidajen gyaran hali da kayan agaji na hukumomin ba da agajin gaggawa. Mai ɗab'i akwai littafin rajista da katin asibiti da takardun jarrabawa. Akwai shara, feshin sauro, gyaran janareta da na'urar sanyaya ɗaki, hayar mota, dafa abincin taro. Wasu dai suna da shinge na musamman, magani ba a ba ka sai kana da rajistar hukumar masu haɗa magunguna ta PCN da ƙwararren mai kula da shagon, kayan kuma su zama masu lambar NAFDAC, kamfanin masu gadi kuma sai da lasisin Sibil Difens.

Ga mata musamman ki sa ido a kan shirin AGILE na ilimin ƴan mata, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 500 a 2020 ya ƙara miliyan 700 a 2023, Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko tare da Kano, Katsina, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti. Wani kaso na kuɗin kai tsaye yake zuwa hannun kwamitin kula da makaranta na unguwa, su ne ke neman wanda zai yi musu ƙananan ayyuka, ba sai kin je Abuja ba.

Abin da zai tare ki shi ne yawa. Keke takwas ba zai ɗinka kaya dubu biyar cikin sati uku ba, kuma in kika karɓa kika gaza an rufe miki ƙofa kenan. Ku haɗu ku biyar ko goma masu shago ku yi rajistar ƙungiyar gama kai ko kamfani ɗaya, ku samu mai riƙe muku lissafi, ku rubuta yarjejeniyar rabon riba tun kafin aiki ya zo ba bayan alat ya shigo ba. Ki ɗinka samfur masu kyau ki ɗauka da kanki ki kai ofishin sayayya na wurin, ki tambayi yadda ake shiga jerin masu kawo musu kaya. Ƙananan ayyuka ba a jarida ake tallata su ba, farashi ake nema daga aƙalla kamfani uku a zaɓi mai sauƙi, kuma daga cikin wannan jerin ake kira.

TAMBAYA: Yallaɓai na gama digiri a injiniyan lantarki, na yi bautar ƙasa, yanzu ina haɗa sola a gidaje a Gombe. Ina ake ganin tallan kwangila ne? Kuma wane ɓangare ne ya fi tafiya yanzu?

AMSA: Ƙanina, talla ana ganinta a mujallar Federal Tenders Journal, da manyan jaridu na ƙasa tunda doka ta ce a buga a aƙalla guda biyu, da shafin intanet na ita ma'aikatar, da allon sanarwa na ofishinsu wanda mutane ke wucewa ba sa ko kallo. Amma mai wayo ba ya jiran talla, kasafin kuɗi yake karantawa. Kundin bajet na tarayya yana shafin ofishin kasafi kyauta, na jihohi ma yanzu ana sawa, ka buɗe ka nemo ma'aikatun da ke jiharka ka ga layi-layi abin da aka ce za a yi bana da kuɗin da aka ware, tun kafin talla ta fito ka riga ka san me ke tafe ka shirya takardunka. Kuɗin fom a yawancin tallan tarayya naira 10,000 ne kowane rukuni, ta Remita ake biya ya shiga asusun bai ɗaya na gwamnati, duk wanda ya ce ka tura asusunsa na kansa ka san ba gwamnati kake magana da ita ba.

Kai kam hannunka na kan abin da ake nema. Fitilun titi masu sola, rijiyar burtsatse mai sola, firjin allurar rigakafi a ƙananan asibitoci, wutar makarantu, famfon noman rani. Hukumar samar da lantarki a karkara wato REA ita ce uwar wannan harka, kuma akwai shirinta na wutar sola mai suna DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023. Manyan kamfanoni ne ke karɓar manyan ayyukan, amma ba Bature ko ɗan Legas ne zai hau falwaya a ƙauyen Dukku ko Nafaɗa ba, dole su nemi irinku, kuma ta nan ake fara tara tarihin aiki. Ka samu takardar shaidar NEMSA ta masu aikin lantarki, ka bi matakan rajistar COREN, su biyun nan za su bambanta ka da mai haɗa waya na bakin kasuwa. Akwai kuma ACReSAL mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja, na yaƙi da zaizayar ƙasa da hamada da gyaran madatsun ruwa, ga hukumar raya Arewa maso Gabas da aka kafa a 2017 wadda Gombe ke ƙarƙashinta. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba kuɗi da ƙa'idojin bankin ake ba da su, takardunsu sun fi tsauri amma kuɗin aikin a ware yake, don haka biya ya fi zuwa a kan lokaci.

Abokanka masu kwamfuta su nemi rajistar hukumar fasahar sadarwa ta NITDA da ta majalisar ƙwararrun kwamfuta CPN, jami'o'i da kwalejoji na samun kuɗin TETFund kuma kowace makaranta ita ke tallata nata aikin da kanta. Harkar mai da gas kuwa duniya ce daban, dokar 2010 ta fifita ƴan ƙasa, amma sai ka shiga rajistar NCDMB, hukumar da ke aiwatar da dokar, da dandalin kwangilar mai na NipeX, ba wurin da sabon shiga zai fara ba ne.

TAMBAYA: Malam wani ne ya kawo min takardar ba da kwangila ta aikin mazaɓa, ginin aji biyu da ofis, ya ce ta wani ɗan majalisa ce, in ba shi kashi 15 cikin 100 a hannu in je in yi aikin in karɓi kuɗin. Takardar da hatimi da komai. In saya?

AMSA: Kar ka saya ɗan uwa, don girman Allah kar ka saya. Na fi son ka ji haushina yau a kan ka rubuto min baɗi kana kuka.

Ɗan majalisa ba ya ba da kwangila. Abin da yake yi shi ne ya sa aikin a cikin bajet ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma, ita ce ke tallatawa ta ba da aikin ta biya. To ka duba takardar nan, sunan wane kamfani ke jiki? In ba naka ba ne, ranar biya asusun wancan kamfanin kuɗin zai faɗa ba naka ba, kai da ka zuba siminti da kwano ba ka da suna a ko'ina cikin fayil, sai abin da mai kamfanin ya ga dama ya miƙo maka, in ya kashe waya shikenan. Wannan kenan in takardar ta gaske ce. Da yawa ma a shagon kwamfuta aka buga su, hatimi ba wuyar sassaƙawa yake ba, wata takardar kuma mutum uku aka sayar wa.

Sannan ka yi lissafi tsakaninka da Allah. An cire 15 tun kafin ka sa diga a ƙasa, ga haraji, ga masu zuwa duba aiki da za su sa rai, ina ribar za ta fito? Daga jikin ginin za ta fito, a rage siminti a bulo, a sa rodi siriri, a sa katakon da bai bushe ba, damina biyu iska ta yaye rufin. Su wa ke zama a ajin nan? Ƴaƴanmu ne, na talakawan da ba su da halin kai nasu makarantar kuɗi. Duk wanda ya zaga ƙauyuka ya ga irin waɗannan azuzuwan, allon sanarwa tsaye da sunan wanda ya kawo aikin, ginin kuwa ya tsage. Kuma mun san hadisin da Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, canza mata suna zuwa la'ada ko na goro bai canza hukuncinta ba.

Ta fuskar doka ma ba wasa ba ne. Tun 2019 hukumar ICPC ke bin diddigin ayyukan mazaɓu jiha-jiha, tana mayar da ƴan kwangila bakin aiki tana ƙwato kuɗi. Sashe na 58 na dokar kwangila ta 2007 ya tanadar wa wanda ya karya ta ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba babu zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi aikin gwamnati aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin kwangilar.

In dai kana son aikin, hanya ɗaya ce mai tsafta. Ka je ma'aikatar da kanka, ofishin sayayya, ka tabbatar aikin yana cikin bajet kuma an ba wancan kamfanin da gaske. Sannan lauya ya rubuta muku yarjejeniyar ƙaramin ɗan kwangila da sanin ma'aikatar, a buɗe asusun aikin da ba a cire kuɗi sai da sa hannunka, a sa banki ya tabbatar nan kuɗin zai sauka ba za a karkatar ba. In mai takardar ya ce a'a ba sai an yi duk wannan ba ai akwai amana, ka tashi ka kama gabanka.

TAMBAYA: Na yi wa wata hukuma saflai na kayan ofis, sun karɓa sun sa hannu, yau sama da shekara ba a biya ni ba. Kuɗin kuma bashin banki ne da na wani aminina. Kullum in na je sai a ce fayil na kan tebur. Wallahi barci ya gagare ni. Mene ne mafita?

AMSA: Allah ya yaye maka Malam, Allah ya kawo mafita. Ba kai kaɗai ba ne, ko a 2025 an ga ƴan kwangilar cikin gida sun yi ta zanga-zanga a Abuja, a ƙofar ma'aikatar kuɗi da majalisa, kan ayyukan bajet ɗin 2024 da suka gama ba a biya su ba. Abin da ke faruwa shi ne, a sa aiki a bajet daban, a saki kuɗinsa daban, hukuma na iya ba ka aiki alhali ko kwabo bai iso mata ba.

Ka daina zuwa da baki kawai. Ka haɗa kwafin takardar ba da aikin, yarjejeniya, takardar kai kaya, takardar da sito ya ba ka ta shaidar karɓa, da takardar neman biya, ka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinka. Ka gano a ina fayil ɗin ya tsaya, wajen odita ne, ko an riga an yi bauca ana jiran sakin kuɗi, don maganin kowanne daban. Dokar tarayya a sashe na 37 ta ce duk kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardun biya an tantance, ya zama jinkirtaccen biya kuma akwai ƙarin da ke hawa kansa gwargwadon abin da aka rubuta a yarjejeniya, ka ambaci wannan a wasiƙar. In shiru ta yi yawa ka kai ƙorafi BPP in ta tarayya ce, ko ofishin kula da kwangila na jihar, da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda ke da ofis a kowace jiha kuma kyauta take aiki. Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma kar ka bari lokaci ya ja sosai kafin ka ga lauya. Bankin kuma kar ka ɓuya musu, ka je da takardun nan ka nemi a sake tsara maka biyan, aminin naka ma ka zaunar da shi ka nuna masa komai da idonsa, zumunci ya fi saurin lalacewa in mutum ya ga ana kauce masa.

Ga masu shirin shiga kuma, ku dubi lissafin nan da kyau. A ce aikin miliyan 20 ne, kana sa ran ribar miliyan 3, ka ranto miliyan 12 a banki da ruwa kashi 30 a shekara, wanda kusan haka ya kasance lokacin da Babban Banki ya kai nasa ma'aunin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024. In biya ya yi jinkirin shekara ɗaya ruwan kaɗai miliyan 3.6 ne, ribar ta tafi har ta ci uwar kuɗi. Ba a ma yi maganar tashin farashi ba, a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, kuma duk mai gini ya tuna farkon 2024 da buhun siminti ya haura naira 10,000 cikin ƴan makonni, waɗanda suka sa farashi da tsohon lissafi da yawansu gudu suka yi suka bar aikin. Sai harajin VAT na kashi 7.5 da harajin da ake cirewa tun daga tushe da kuɗin hatimi, duk kafin kuɗin ya iso ka ake zare su, in ba ka sa su a farashinka ba daga aljihunka suka fita.

Kuɗin fara aiki da ake ba ɗan kwangila, da kashi 15 ne, dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga ƴan gida, amma sai ka kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora, kuma ba kowane aiki ake bayarwa ba. Masu gudun kuɗin ruwa akwai bankunan Jaiz da TAJ da Lotus, su kan sayi kayan su sayar maka da ribar da aka yanka tun farko, amma su ma ranar biya ranar biya ce. Ni ma'aunina kullum shi ne, kar ka zuba a kwangila ɗaya abin da in ya kwana shekara a hannun gwamnati shagonka zai rufe ko cefanen gida ya tsaya. Kuma kafin ka karɓi aiki a kowace hukuma ka nemi mutum biyu uku da suka yi mata aiki bara ka tambaye su an biya su ko ba a biya ba.

TAMBAYA: Mun shiga takara, ranar buɗe ambulan farashinmu ne mafi ƙasa kowa ya ji, amma aka ba wani. Akwai abin yi ko mu bar wa Allah?

AMSA: Ku bar wa Allah kuma ku rubuta takarda, Alhaji. Amma ka sani doka ba ta ce mafi arha kawai ba, cewa ta yi mafi arha a cikin waɗanda suka cika duk sharuɗɗa, don haka fara neman a gaya maka a rubuce dalilin da ya sa aka tsallake ka, kana da wannan haƙƙin, wataƙila wata takarda ce ta mutu ko lissafinku bai haɗu ba. In dalilin bai gamsar da kai ba, kana da kwanakin aiki 15 daga ranar da ka sani ka kai ƙorafi a rubuce ga babban sakatare ko shugaban hukumar, shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya ba ka amsa. In bai amsa ba ko amsar ba ta yi maka ba, cikin kwanakin aiki 10 ka wuce BPP, su kuma suna da kwanakin aiki 21 su yanke hukunci, kuma suna da ikon dakatar da aikin har a gama bincike. Daga nan sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Kwanakin nan su ne komai, in ka tsaya neman wanda zai yi maka magana har suka wuce ba mai sauraronka, don haka yau ɗin nan ka duba kwanan watan da aka sanar da sakamakon ka fara ƙirga.

Masu tambaya a kan kwangilar taki da iri da kayan noma, da mai tambaya a kan yadda ake cike takardar farashin gini, naku na nan tafe a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.